Kwamfutar Hannu Mai Kibod Tana Ba Ka Ciwon Kai? Duba Wurare Biyar Kafin Ka Yi Mata Fomat

Tun da muka ɗora bidiyon ƙananan kwamfutocin nan na hannu masu kibod, irin su GPD Pocket da MicroPC da Win Mini, tambayoyin da ke shigowa kusan iri ɗaya ne. Wani sikirin ɗinsa ya kwanta gefe. Wani ya buɗe manhaja amma maɓallin OK ya faɗa can ƙasa inda ba ya gani. Wani kuma ya sa ta a jaka da cikakken caji, ya ciro ta da zafi rau, batir ya ƙare. Kuma shawarar da abokai ke bayarwa guda ce: "kawai ka yi mata fomat."

To, dakata tukuna. Yawancin waɗannan matsalolin tushensu ɗaya ne. An gina Windows da manhajojinsa ne da tunanin kwamfutar tebur: babban sikirin a kwance, cikakken kibod, da wutar soket da ba ta ƙarewa. Na'urar da ke hannunka ta saɓa wa duka ukun. Fomat ba zai canza wannan ba, hasali ma yana iya kwashe direbobin da ke riƙe da ita. Mayar da ita wurin kamfani kuwa, GPD a Shenzhen yake, can ƙasar Sin. Daga Landan ko Jidda ko Kumasi, kuɗin aike da jiran makonni ba wasa ba ne. Saboda haka mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'ida ɗaya kafin mu fara: ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, kuma ka ɗauki hoton saitin da wayarka kafin ka taɓa shi. Idan ka juya abu biyar tare ta gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba. Idan ta ƙara rikicewa, ba ka san wanne za ka mayar ba.

1. Sikirin ya kwanta gefe

Gilashin inci 6 zuwa 8 mai kyau, galibi don waya da tablet ake ƙera shi, su kuwa a tsaye ake riƙe su. Masu haɗa ƙananan kwamfutoci sai su sayi irinsa su kwantar. GPD Pocket ta 2017 ana tallata ta da 1920x1200, amma shi gilashin a karan kansa 1200x1920 ne. Haka MicroPC ta 2019, tata 720x1280 ce. Direban hoto ne yake juya komai ka gan shi daidai. Shi ya sa lokacin girka sabon Windows, ko bayan wata sabuntawa ta taɓa direban, sai ka ga rubutu ya kwanta.

Ka shiga Settings, System, Display, ka nemi Display orientation. Kar ka damu da sunan da ke wurin, ka gwada Landscape da Landscape flipped ka ga wanda ya zauna daidai. Idan taka mai jin juyi ce kamar Pocket 3, ka kunna Rotation lock bayan ta daidaita. Idan kuma sikirin ya yi baƙi ne kawai, danna Win da Ctrl da Shift da B tare. Wannan yana farfaɗo da direban hoto ba tare da ka kashe kwamfutar ba.

Tsofaffin gem su ne suka fi shan wahala a nan. Idan gem ya karɓe sikirin gaba ɗaya, yana iya tsallake juyin da Windows ke yi, sai ya tarar da gilashi a tsaye, ya fito a karkace ko ya ƙi buɗewa. Ka shiga saitin gem ɗin ka zaɓi Borderless ko Windowed. Sababbi irin su Win 4 Windows yana ganin sikirin ɗinsu a kwance tun daga masana'anta, su ba ruwansu da wannan.

Masu Linux, ku ma abin ya shafe ku. Kanel na yanzu yana ɗauke da jerin na'urori masu irin wannan gilashi, ciki har da Pocket da MicroPC, don haka sabon fitowa yakan juya da kansa. Idan rubutun farkon tashi ne ya kwanta, fbcon=rotate:1 a layin GRUB yana miƙar da shi.

2. Maɓallin OK ya ɓace, ko rubutu ya yi dishi-dishi

Nan akwai ɗan lissafi, amma mai sauƙi ne. Windows yana ɗaukar ɗigo 96 a kowane inci a matsayin 100%. Sikirin tebur mai inci 24 da 1920x1080 yana da kusan 92, kun ga sun dace. Amma inci 7 mai 1920x1200 yana da kusan 323, ya haura ninki uku. A 100% rubutu kamar ƙafar tururuwa yake, dole Windows ya kumbura komai.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan ka sa 200%, filin da manhaja ke gani ya koma 960x600. Tsofaffin manhajoji da yawa, musamman na injiniya da na saita na'urorin sadarwa, an zana tagoginsu ne da tsammanin tsayin 768. Taga mai tsayin 700 ba za ta shiga fili mai 600 ba, sai ƙasanta ya yanke, kuma a nan OK da Cancel suke zaune. A 150% filin 1280x800 ne, tagar ta shiga. A MicroPC abin ya fi matsewa: 150% yana barin 853x480 kacal.

Abin yi:

- Rage Scale mataki ɗaya a cikin Display, sannan ka ƙara girman rubutu kaɗai a Accessibility, Text size. Ido ya huta, taga ma ta samu wuri.
- Idan taga ta riga ta maƙale, danna Alt da Space, sannan M, sai ka tura ta sama da maɓallan kibiya, ka danna Enter.
- Idan manhaja ɗaya ce ke dishi-dishi, danna dama a kan alamarta, Properties, Compatibility, Change high DPI settings, ka kunna Override. Application yana ba da rubutu garau amma ƙanana. System yana kumbura komai amma da ɗan hazo. System Enhanced yana tsakiya. Gwada ukun, ka rufe manhajar ka sake buɗewa kowane karo.

3. Manhaja ta ƙi buɗewa ko tana rufe kanta

Kar ka yi ta canki-canki, Windows yana ajiye tarihin abin da ya faru. Danna Win da R, rubuta perfmon /rel. Za ka ga jadawalin kwanaki da jan alama a ranar da wani abu ya faɗi, tare da abin da aka girka a ranar. Sau da yawa za ka tarar matsalar ta fara ne daidai ranar da sabon direba ya shigo. Idan haka ne, Device Manager, Display adapters, Properties, Driver, Roll Back Driver.

Idan saƙon ya ce babu VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, kunshin Visual C++ na Microsoft ne babu. Ka sauke shi daga shafin Microsoft, na x64 da na x86 duka, domin tsohuwar manhaja mai bit 32 na x86 take nema ko da Windows ɗinka 64 ne. Don Allah kar ka je shafukan da ke raba fayil ɗin DLL ɗai-ɗai, ta nan ƙwayar cuta ke shiga.

Manhajojin Microsoft Store kuma suna da Repair da Reset a cikin Advanced options. Fara da Repair. Reset yana share bayanan manhajar, har da shigarka.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Shut down ba cikakken kashewa ba ne idan Fast Startup yana kunne. Windows yana ajiye zuciyar tsarin da direbobi a faifai, ya ɗauko su yadda suke da safe, har da matsalar jiya. Restart ne ke tayar da komai sabo. Ko ka riƙe Shift yayin danna Shut down.

4. Kibod yana rubuta abin da ba ka danna ba

'Yan Ingila, wannan naku ne. Kibod ɗin waɗannan na'urori tsarin Amurka ne. Idan ka zaɓi United Kingdom lokacin saita Windows, sai @ da alamar zance su yi musayar wuri, # ma ya koma £. A nan ne mutum ke rantsuwa kalmar sirrinsa daidai ce amma ana ƙin karɓa. Win da Space yana sauya tsari nan take. Gyara na dindindin yana Time & language, Language & region, inda za ka ƙara kibod ɗin US.

Idan kibod ya zama kamar ya mutu, duba Filter Keys. Riƙe Shift na dama na daƙiƙa 8 yana tayar da shi, kuma a na'urar da ake riƙewa da hannu biyu hakan ba wuya. Kashe shi a Accessibility, Keyboard. Shi kuwa ɗan'uwansa Sticky Keys, wanda danna Shift sau biyar ke kirawo, a nan abokin tafiya ne. Da manyan yatsu biyu kake rubutu, haɗa Ctrl da Shift da wani harafi aiki ne ja. Sticky Keys yana ba ka damar danna su ɗaya bayan ɗaya.

Masu jerin GPD Win, akwai makunnin da ke sauya sandunan wasa tsakanin linzami da abin buga gem. Idan yana ɓangaren linzami, gem ba zai ga komai ba. Rubuta joy.cpl a Run ka tabbatar Windows yana ganinsa kafin ka zargi gem ɗin.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Windows yana da kibod ɗin Hausa, ka ƙara shi a wancan wurin dai. Don ganin inda ɓ da ɗ da ƙ suke, buɗe osk daga Run ka danna AltGr a hoton kibod ɗin. Idan ƙaramin kibod ɗinka ba shi da Alt na dama, Ctrl da Alt tare suna maye gurbinsa. A Word kuma kana iya rubuta 0253 ka danna Alt da X ya koma ɓ, 0257 ya ba ka ɗ, 0199 ya ba ka ƙ.

5. Zafi, nauyi da batir mai zurarewa

Furosesa Celeron N4100 da ke cikin MicroPC ta farko wat 6 aka ware mata. Ryzen 7 7840U ta Win Mini tana aiki tsakanin wat 15 zuwa 30. Batir ɗin Win Mini kusan 44Wh ne, ma'ana idan na'urar gaba ɗaya tana jan wat 22, awa biyu ke nan. Batir bai lalace ba, iya ƙarfinsa ke nan. Don sanin lafiyarsa ta gaskiya, rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity.

Idan tana nauyi, ka fara duba Power mode, sannan ka duba ko tafin hannunka ko bargo ya toshe hanyar iska. Furosesa idan ta ji zafi rage gudu take yi don kare kanta. Wanda ke Makka ko Anjamena lokacin bazara zai ga haka da wuri fiye da na Manchesta, saboda iskar da fanka ke jawowa ita kanta mai zafi ce.

Caja ma tana da hannu. Kan cajar waya mai 5V da 2A wat 10 ne kawai, ba zai riƙe na'ura mai jan sama da 20 ba. Nemi mai USB-C PD wadda ta kai abin da aka rubuta a jikin cajar asali. Igiya ma ba duka ɗaya ba ce: ta gama-gari 3A take ɗauka, wato wat 60 a 20V.

Zafi a cikin jaka kuwa, barcin zamani ne. Rubuta powercfg /a. Idan ka ga S0 Low Power Idle, to na'urarka ba ta barci sosai, gyangyaɗi take yi irin na waya, kuma direba ɗaya mai taurin kai ya isa ya hana ta runtsawa. Buɗe Terminal a matsayin admin ka rubuta powercfg /sleepstudy, zai nuna maka mai laifin. Hanya mafi sauƙi ita ce powercfg /h on, sannan ka saita rufe murfi ya zama Hibernate. Tashi zai ƙara 'yan daƙiƙu, amma cajinka yana nan.

Idan fomat ɗin ya zama dole

Wani lokaci babu makawa. To ka yi abu uku tukuna.

Na farko, kwashe direbobinka. Sa fulash, buɗe Terminal na admin, rubuta pnputil /export-driver * D:\direbobi, bayan ka ƙirƙiri wannan folda, kuma ka sa harafin fulash ɗinka a madadin D. Direbobin taɓa sikirin da sauti da na'urar jin juyi a irin waɗannan kwamfutoci ba kullum Windows Update ke da wanda ya dace ba. Idan na Wi-Fi ne ya ɓace, ko intanet ɗin da za ka nemo shi babu.

Na biyu, makullin BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna rufe faifai da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft, kuma taɓa saitin BIOS na iya sa a nemi lamba 48 kafin a buɗe maka. Ka shiga asusunka daga waya ka kwafe ta a ajiye. Idan babu ita, aikin makaranta da hotunan gida sun tafi ke nan, babu mai gyaran da zai ciro su.

Na uku, duba wane Windows na'urar ke iya ɗauka. Tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Atom x7-Z8750 ta Pocket ta farko ba ta cikin jerin da Windows 11 ya amince da su. Mai irinta ya fi masa ya duba Linux mara nauyi da ya tilasta mata abin da ba za ta iya ba.

Idan ka bi duka biyar ɗin abin bai gyaru ba, ajiye mana saƙo a ƙarƙashin bidiyon. Ka faɗi sunan na'urar da shekararta, abin da winver ya nuna, da abin da ka canza na ƙarshe kafin matsalar ta fara. Da waɗannan ukun za mu iya ba ka amsa mai amfani. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.