Kwandon Kayan Lambu Ba Ya Shiga Kafso

Wata magana ta cika gidajen biki da zaurukan WhatsApp a Kalgo da Gwandu da Birnin Kebbi, har ta fara gundurata. Wai akwai wasu ƙwayoyi da aka tara 'ya'yan itatuwa da ganyaye iri ashirin ko talatin a cikinsu, in ka haɗiyi biyu da safe, biyu da dare, ka gama da cin kayan lambu na ranar. Suga da hawan jini da gyambon ciki da sanyin mata da rashin haihuwa kuwa, duk sun kama gabansu. Wasu kafso ne, kore da ja. Wasu gari ne a 'yar leda mai sheƙi, ana kaɗawa a ruwa. Wasu kuma ruwa ne mai kauri a kwalba. A jikin kwalin an zana tufa da inabi da wasu 'ya'yan itacen da mai saye bai taɓa yin ido huɗu da su ba. Mai tallar ma ba baƙo ba ne. Ɗan ƙanwarka ne da ya gama karatu aiki bai samu ba, ko malamar makarantar yaranka, ko matar maƙwabci. Sai ka ji yana lallaɓar tsohuwa: “Inna, wanga ba maganin asibiti na ba, abinci na. Ba shi da illa ko kaɗan. Ki aje waɗancan ƙwayoyin, kin sha su haka nan.”

Wannan “ki aje” ɗin ne ya hana ni yin shiru.

Su waɗannan kaya, a hukumance, ƙarin abinci ne ba magani ba. Ana busar da ganye ko ɗan itace a niƙe, wani lokaci a barbaɗa bitamin na masana'anta a kai, a ɗura a kwali. Iyakar labarinsu ke nan. Abin da ke buƙatar dogon zama shi ne iƙirarin cewa ƙwayar ita ce kayan lambun, an dai rage mata girma ne kawai.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye kullum, wato kamar cikin hannu biyar, kuma dankali da rogo da doya ba sa cikin ƙidayar. Yawancin kayan lambu ruwa ne, kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100. Duk wadda ta taɓa shanya tumatir ta yi kauɗa ta san yadda faifai cike yake komawa ɗan ƙanƙani. To in ka busar da giram 400 ɗin nan ƙarau, za ka tashi da abin da bai wuce giram 40 zuwa 60 ba. Shi kuwa kafso na yau da kullum abin da yake ɗauka kusan rabin giram ne. Raba ka gani: sai ka haɗiyi kafso kusan 100 a wuni kafin ka kamo abin da aka ce ka ci. Mai talla ya ce huɗu sun isa. Huɗu giram biyu ke nan, ko cokalin shayi ba su cika ba. In kuma da gaske ganye iri talatin ne a ciki, to kowane ganye rabonsa bai kai abin da ke maƙalewa a bakin turmi ba.

Za su ce maka ai an tace ne, an fitar da “ƙarfin” an zubar da tarkace. Abin da suke kira tarkace shi ne rabin amfanin. Zare-zaren ganye da ɓawon ɗan itace da tsokarsa, abin da likitoci ke kira faiba, su ke motsa hanji su hana taurin bayan gida, su ke rage gudun shigar suga cikin jini, su ke cika ciki har mutum ya rage lomar tuwo. Wanda ya ci kwano guda na kwaɗon zogale da rana ba zai iya cinye malmala uku a kansa ba, kuma wannan ma magani ne ga mai ƙiba da mai suga. Kafso ba ya ƙosar da kowa. Ka haɗiye shi, ka zauna ka ci abin da ka saba ci, ba abin da ya ragu sai aljihunka. Bitamin C kuma ba ya jure zafi da daɗewar ajiya, balle kwalin da ya ketare teku, ya kwana a sito a Legas, ya zo ya zauna a but ɗin mota cikin zafin watan Afrilu na Kebbi.

Masana ma sun taɓa yin irin wannan zato, suka gwada shi, ya ba su kunya. An daɗe da lura cewa masu yawan cin karas da ganye sun fi tsira daga kansar huhu, sai aka ce lallai sinadarin da ke sa karas ja ne, wato bita-karotin. Aka zuba shi a ƙwaya. A ƙasar Finlan aka bi maza masu shan taba kusan 29,000 na tsawon shekaru, aka fitar da sakamako a 1994: waɗanda suka sha ƙwayar sun fi waɗanda ba su sha ba kamuwa da kansar huhu, da kashi 18 cikin 100. A Amurka aka yi irinsa da mutum kusan 18,000, sai da aka dakatar da shi a 1996 tun lokacinsa bai cika ba, don an ga kansar ta ƙaru da kashi 28 cikin 100. Karas bai yi wa kowa komai ba. Cire abu ɗaya daga cikinsa, a tara shi da yawa, a riƙa haɗiya kullum, shi ne ya zo da abin da ba a zata ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka “daga tsiro aka yi shi, ba ya illa”, ka tuna masa taba ma tsiro ce, haka zaƙami.

A can inda ake yin kayan nan ma ba a bar masu su suna faɗin abin da suka ga dama ba. Dokar Amurka ta 1994 ta ƙyale a sayar da ƙarin abinci ba tare da an tabbatar yana aiki ba, amma ta hana a ce yana warkar da cuta. Wani kamfani a jihar Yuta mai suna Balance of Nature, wanda ya yi fice da kafson 'ya'yan itace da na ganye, ya yi ta danganta kayansa da maganin kansa da ciwon zuciya da suga da asma har da korona. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗe shi a 2019, a Nuwamban 2023 kuma kotun tarayya ta tsayar da shi har sai ya gyara. Kafin shi an yi na POM Wonderful, mai ruwan rumman, da ya ce kayansa na maganin ciwon zuciya da kansar mafitsara ta maza da raunin mazakuta. Hukumar kasuwanci ta kai ƙararsa a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2015 cewa tallar yaudara ce. Abin da kamfani ke tsoron rubutawa a Amurka, shi ne wakilinsa ke faɗa da baki a tsakar gidanmu, ba shaida ba takarda.

“Ai akwai lambar NAFDAC.” To, juya kwalin ka karanta. Da yawa daga kayan tsirrai da aka yi wa rajista lambarsu na ƙarewa da harafin L, kuma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta da Turanci cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ma'anar lambar ita ce an duba ba a ga abin da zai cutar da mai sha ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Dokar abinci da magunguna ta Nijeriya kuma ta jera cututtukan da aka haramta a tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganinsu, ciki har da kansa da suga da hawan jini da ciwon ƙoda da ƙiba da raunin mazakuta. Duba jerin nan, ka duba takardar tallar da aka miƙo maka. Kamar daga nan suka kwafa.

Akwai kuma na'urar nan da suke yawo da ita a jaka. A ba ka wani ɗan ƙarfe ka damƙa, a jona shi da kwamfuta, kafin minti biyu ta zayyano maka ƙoda da hanta da ƙashi da jini, da jan rubutu a gefen kowanne. Ba a ɗebi jininka ba, ba a karɓi fitsarinka ba. Ba abin da take aunawa. Abin da ban taɓa ji ba shi ne wanda ta ce masa lafiyarsa ƙalau, ya tashi ya tafi. Kuma abin mamaki, maganin duk abin da ta gano yana cikin jakar da aka ciro ta.

Shaidar “wallahi na sha na ji sauƙi” ita ta fi kama mutane, don mai faɗa ba ƙarya yake yi ba. Sai dai hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da jini sama yana jin kansa garau, har ranar da za a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Suga ma a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyar ƙafa. Wanda ya ajiye maganinsa ya kama kafso zai iya jin daɗin jikinsa na makonni, har ya tsaya gaban taro ya ba da shaida a tafa masa. Ranar da aka kwashe shi zuwa asibiti ba mai ɗaukar bidiyo. Kai kuma ɗan'uwa mai talla, na san kamasho kake nema, na san an ce ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu-biyu. Amma ranar da ka ce wa gyatumar wani ta ajiye maganin hawan jini, ka ɗauki alhakin rai, kuma wanda ya sa ka a harkar ba zai tsaya maka ba, nan ko gobe kiyama. Tsadar magani da layin asibiti da rashin aikin yi duk suna da hannu a wannan kasuwa, ban musa ba.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Akwai ƙarin da ke ceton rai, kuma yawancinsa kyauta ne ko da araha: jar ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake ba mata wurin awon ciki, ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 a makon lafiyar mata da yara, zink da ruwan gishiri da suga ga yaro mai gudawa, da abincin tamowa. Waɗannan an san wa ake ba, an san nawa, an san dalili. Abin haushi, matar da ke jefa ƙwayar awon ciki bayan gado ita ce za ta ci bashi ta sayi kwalin da aka zana wa inabi.

Mu da muke zaune bakin fadama ma, me ya kai mu? Albasar Aliero har ƙasashen maƙwabta ake lodinta. Da rani tumatir da tattasai da latas da karas da kabeji suna zube a kasuwar Jega da ta Birnin Kebbi, mangwaro na ruɓewa a gindin bishiya, kankana na jibge a bakin titi. Da damina rama da tafasa da lalo da yakuwa da alayyafo ba sa neman kuɗi mai yawa, wasu ma tsinkowa ake yi. Garin 'ya'yan kuka da yaranmu ke tsotsa, tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a can, ana zuba shi a leda mai kyau ana kiransa abincin musamman. Zogalen da ke jingine da katangar gidanku shi ne wani ke ɗurawa a kafso ya dawo maka da shi.

Kuɗin kwali ɗaya, in aka miƙa wa uwargida, zai riƙe cefanen ganye na makonni. A sa ganye a abinci sau biyu a wuni, ba sai miya kaɗai ba: kwaɗo, dambu, fate, ko a yanka tumatir da albasa da kokwamba a kan shinkafa da wake. A daina dafa ganye har ya yi baƙi, a zuba shi daf da saukewa, a kuma rage kanwa, don tana kashe wasu bitamin. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin sinadarin da ke cikin karas da kabewa da zogale sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa sosai. Mai ƙarancin jini ya matsa lemun tsami a kwaɗonsa, ya jinkirta shayi sai abinci ya faɗa. Lokacin araha a shanya na ajiya, amma ganye a inuwa ake shanya shi, a kan tabarma mai tsabta, ba a rana a gefen hanya ba. Abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai kyau. Yara a ba su gwaba da gwanda da lemu da magarya da goruba maimakon alewa. Mai suga ya fi yawaita ganye, ɗan itace kuma ya ci shi da tsokarsa daidai kima, kada ya matse shi ya sha kofi-kofi. Mai ciwon ƙoda shi kam sai ya tambayi likita ko a kan ganyen ma, balle gari da kafso.

In kuwa akwai wanda ya riga ya ajiye maganinsa a gidanku, kada a tsaya faɗa da shi, kuma kada a ce ya koma sha da ka. A kai shi a auna jini da suga cikin makon nan, ko a asibitin jiha da ke nan Kalgo, ko asibitin Sir Yahaya, ko cibiyar lafiya mafi kusa. A tafi da tsohon katinsa da ragowar maganinsa da kwalin da aka sayar masa, a zube su duka gaban likita, a gaya masa ranar da aka daina sha.