Cinikin gida da fegi a ƙasar Ƙonni: a duba da damana, a biya da kaka

Duk wanda ya zauna da dillalan gidaje a Birnin Ƙonni ya san cewa sana'arsu tana da lokacinta kamar yadda noma yake da nasa. Akwai watannin da dillali ba ya samun sukunin zama, akwai kuma waɗanda yake wuni a inuwa babu mai yi masa sallama. Daga Bazaga zuwa Malbaza, har Illela ta jihar Tawa, sararin samaniya ne ke kawo masu saye, shi ne kuma ke korarsu.

Lokacin da aljihu ke da nauyi

Kasuwar tana buɗewa da kaka, wajen watannin Oktoba da Nuwamba. Manomi ya yanke gero, ya roro wake, rumbu ya cika. Wanda ɗansa ya isa aure zai fara neman inda zai kafa masa ɗaki, domin bukukuwan aure sun fi yawa bayan an kawar da amfanin gona. Hanyoyin ƙauye sun bushe, ana iya zuwa a ga fili da ido. Magina kuma sun shiga aiki, tunda tubalin laka rana yake so.

Kuɗi na biyu yana shigowa da rani. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake cire albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Abijan da Akara. Manoman rani na fadamun Maggiya da na filin ban-ruwa na Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, su ma a lokacin suke ganin ribar wahalarsu. Mai albasar da ya yi sa'ar farashi yakan so ya mayar da kuɗinsa ƙasa, saboda albasa na ruɓewa, fegi kuwa yana nan.

Sai kuɗi na uku, na ƴan ci-rani. Samarin da suka tafi Najeriya, Kodebuwa ko Libiya bayan girbi suna dawowa da bazara, gab da faɗuwar ruwa. Lokacinsu ƙanƙane ne: suna so su sayi fegi, su ɗora kwano a kan ɗaki, sannan su ɗauki hauya. Mai gaggawa ba ya tsawaita ciniki, kuma masu sayarwa sun san haka sarai.

Da zarar ruwa ya sauka

Daga Yuni zuwa Satumba, kasuwa takan yi sanyi. Kowa yana gona. Abin da ya rage a hannu ya tafi wajen iri, taki, ƴan ƙwadago da abincin gida. Motar da ta bar kwalta tana iya kwana a bakin ƙorama.

Amma rashin masu saye bai hana samun masu sayarwa ba. A tsakiyar damana rumbu yake ƙarewa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Magidancin da ya rasa mafita sai ya fitar da fegin da ya adana shekara da shekaru. Waɗanda ke riƙe da tsabar kuɗi a wannan lokaci, galibi fatake da manyan ƴan kasuwa, su ne ke yanka farashin da suka ga dama. Ta haka fili ke barin hannun talaka a watan Agusta, ya dawo kasuwa da rani da wani farashi dabam.

Abin da rani ke ɓoyewa

Inda gizo ke saƙa shi ne, watannin da jama'a suka fi saye su ne watannin da ƙasa ta fi ɓoye halinta. A watan Maris, hanyar ruwa da tudu duk kamarsu ɗaya: yashi ne shimfiɗe. Bangon da ya tsage an yi masa sabon yaɓe. Azarar da gara ta ci tana ƙarƙashin rufi. Mai saye ya zagaya, ya ga fili mai araha kusa da gari, ya biya la'ada, ya tafi yana murna. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin takaici a nan shi ne mutum bai ma san rariya ya saya ba.

Damanar 2024 ta koya wa ƙasa darasi mai ɗaci. Ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasa rayukansu, gidaje dubbai suka rushe, mafi yawansu na laka. Ko tsohon masallacin Birni na Damagaram, da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba na wannan shekara. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti domin a sami damar sake gini. Sai dai ko da masana'antar Malbaza tana kusa, buhun siminti ba ya kawar da ƙorama daga hanyarta.

Gaskiya ne, ba sama kaɗai ke juya kasuwar ba. Ƙonni gari ne na iyaka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, cinikin garin ya ja baya, kuma ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale ba ya tunanin sayen gida. Amma iyaka ana rufe ta a buɗe. Damana kuwa kowace shekara tana tafe.

Shawara ga mai niyya

Mai neman gida ya je ya gan shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ya dubi inda ruwa ya kwanta, inda indararo ke zuba, da alamar laima a gindin bango. Ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi a shekarun da aka yi shi da yawa, domin su ne ke riƙe da tarihin wurin. Idan hankalinsa ya kwanta, sai ya biya da kaka.

Kada kuma ya raina takarda. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda a yau ake samu daga gunduma har ƙauye, kuma ana rubuta shaidar ciniki a gaban maigari da shaidu. Gonar gado da aka sayar da rani ba da sanin dukan magada ba, rigimarta takan tashi ranar shuka, sa'ad da ƴan ci-rani suka dawo suka tarar da baƙo a gonar ubansu.

Su ma hukumomin ƙananan hukumomi suna da nasu nauyi. Bai kamata a yanka fegi a cikin fadama ko a bakin ƙorama don kawai a cika asusu ba. Kafin a kafa turaku, a jira ruwa ya nuna hanyarsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kuma tsare mana muhallinmu.