Minti Ashirin da Jami'a Ba Ta Koyarwa

Ɗalibi yakan share shekara huɗu ko biyar a jami'a, in an yi rashin sa'a yajin aiki ya ƙara masa wasu watanni, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 wanda ya ci wata takwas cur. Ya fito ya yi shekara guda yana bautar ƙasa. Bayan duk wannan, ranar da aka kira shi intabiyu, mutum uku ko huɗu ne za su zauna a bayan tebur su auna shi cikin abin da sau da yawa bai wuce minti ashirin ba. Duk wata jarrabawa da ya taɓa zama an yi masa darasinta, an ba shi tambayoyin baya ya gwada hannu. Wannan kaɗai ce ake tura shi cikinta da addu'a da aron kwat. A ganina wannan giɓi ne a karatun kansa, kuma jami'o'inmu da kwalejojinmu ne ya kamata su cike shi tun ɗalibi bai karɓi kwali ba.

Duk wanda ya san yadda ake irin wannan zama ya san inda aka fi faɗuwa, kuma ba a tambayoyi masu wuya ba ne. Tambayar farko ce, wadda ake cewa mutum ya faɗi ko shi wane ne. Sai yaro ya sunkuyar da kai, ya kama jero sunansa da na mahaifinsa, ƙaramar hukumarsu, firamaren da ya yi, sakandare, har zuwa jami'a, alhali duk suna rubuce a takardar da ke gaban masu tambayar. Abin da suke son ji shi ne me ya iya, kuma me zai amfana musu da shi. In an tambaye shi abin da ya sani game da ma'aikatar, sai ya yi shiru don bai bincika ba. In an zo ƙarshe an ce ko yana da tambaya, sai ya ce babu, yana ganin ladabi ya yi, su kuwa suna ganin bai damu da aikin ba. Yarinya mai digiri mai daraja ta ɗaya za ta iya amsa komai daidai amma da muryar da na ƙarshen tebur ba ya ji. Ba ilimi ne babu ba. A ajin da ɗalibai ɗaruruwa ke cunkushe a ɗaki guda, mutum zai iya gama digiri bai taɓa tsayawa ya yi magana ta minti biyu da Turanci a gaban jama'a ba, ko da kuwa yana rubuta shi tsaf.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya yawan magana a gaban na gaba da shi. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce wa matashi ya tuɓe ta a bakin ƙofar ofis ba. Masu koyar da dabarun neman aiki a intanet da ke cewa mutum ya tallata kansa kamar haja su ne ke sa yaranmu jin cewa dole sai sun zama wasu mutane daban. Ba haka ba ne. Wanda ya ce shi haziƙi ne mai ƙwazo ya yabi kansa, kuma babu wanda zai gaskata shi. Wanda ya ce lokacin da yake sanin makamar aiki a wani asibiti ya tarar ana ɓata awa guda wajen neman fayil, ya sake jera su bisa lamba har aikin ya koma na mintuna, wannan labari ya bayar, kuma ana iya buga waya a tabbatar. Ga mai jin nauyi ta fuskar addini ma, Suratu Yusuf ta kawo yadda Annabi Yusuf, alaihis salam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma ambaci amanarsa da saninsa.

Bincike yana goyon bayan wannan hanya ta kawo hujja. A 1998 masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara sakamakon bincike na shekaru 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata, suka nuna cewa intabiyu mai tsari, wanda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a ba shi maki bisa ma'auni, ya fi hirar kara-zube nuna wanda zai yi aiki da kyau. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na duniya da dama irin wannan tsari suke bi. Tambayoyinsu kan zo ne kamar haka: ba mu labarin lokacin da ka samu saɓani da abokin aiki, me ka yi, yaya ta ƙare? Irin wannan tambaya ana iya shirya mata, kuma ɗalibanmu suna da abin faɗa. Tun 1973 hukumar ITF ta ɓullo da shirin SIWES da ke tura ɗalibai masana'antu da ofisoshi, a shekarar ce kuma gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bautar ƙasa ta NYSC. Ga furojet na ajin ƙarshe, ga ƙungiyoyin ɗalibai, ga wadda ta riƙe littafin adashi ko wanda ya kula da shagon babansa a kasuwar Kantin Kwari duk hutu. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa nuna musu cewa waɗannan abubuwa hujja ce. Littafin SIWES kan ƙare a matsayin abin da ake cikewa a daren ƙarshe don a samu sa hannu.

Za a ce wannan duk ɓata lokaci ne, domin a ƙasar nan aiki sai da hanya, sai wa ka sani. Ba zan musa ba cewa akwai gurabe da ake rabawa kafin a tallata su, kuma guraben ma sun yi kaɗan ƙwarai. Mutane ba su manta da Maris na 2014 ba, lokacin da dubban matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, har aka rasa rayuka a turmutsitsi. Babu wata ƙwarewar magana da za ta ƙirƙiro gurbin da babu shi. Amma banki ko kamfanin sadarwa ko makaranta mai zaman kanta da ke biyan albashi daga aljihunta ba ta jure wa ma'aikacin da bai iya ba, kuma ko wanda aka yi wa hanya galibi sai ya zauna gaban kwamiti. Sannan ita hanyar ma kashi biyu ce. Akwai ta alfarma da cin hanci, akwai kuma ta sanin mutane da jin labari da wuri. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa mutane da yawa suna jin labarin aiki ne daga wanda suke gani jefi-jefi, ba daga aminansu ba, domin aminai abin da ka sani shi suka sani. Ɗan babban ma'aikaci yana tashi yana jin hirar ofis a falon gidansu. Ɗan manomin da shi ne na farko a zuriyarsu da ya shiga jami'a bai san cewa zai iya yin sallama ga tsohon ɗalibin sashensu ya nemi minti goma ya tambaye shi yadda aikinsa yake ba. Ƙin koyar da wannan ba ya hana alfarma, sai dai ya bar fagen ga waɗanda suka gada.

Wasu malamai kuma za su ce jami'a wurin ilimi ce, ba ofishin samar da aiki ba, kuma horar da ɗalibi kan intabiyu koya masa wasan kwaikwayo ne. Na fahimci tsoron. Akwai horon da ke fitar da matasa suna maimaita hadda iri ɗaya, kuma ƙwararren mai tambaya yakan gane su da tambaya ɗaya ta bi-baya. To amma jami'a ta riga ta amince cewa makomar ɗalibi ta shafe ta, tunda hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta wajabta darasin dogaro da kai, NYSC ma tun 2012 tana da shirin SAED na koyon sana'a. Iya bayyana abin da ka sani a taƙaice, a gaban wanda zai ƙalubalance ka, shi ne ainihin abin da ake nema ranar kare furojet. Bambancin kawai shi ne sau ɗaya ake yin ta, kuma a ƙarshe.

Abin ba ya buƙatar sabon gini ko kasafin kuɗi. Kowane sashe yana da tsofaffin ɗalibai a bankuna da asibitoci da ma'aikatu, kuma da yawansu za su ba da Asabar guda in an roƙe su da mutunci. A zaunar da su uku-uku, ɗaliban aji uku su shigo ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki zaman da waya mutum ya kalli kansa daga baya. A yi wani zagayen ta Zoom ko WhatsApp, tunda yanzu zaman farko sau da yawa ta nan ake yi, ɗalibi ya koyi cajin wayarsa da neman inda sabis yake da ƙarfi tun kafin lokaci. A tabbatar akwai mata cikin masu tambayar, domin ɗalibai mata su ga irinsu a wancan ɓangaren tebur. Na ce aji uku da gangan: wanda ya gano a lokacin cewa ba shi da labari ko ɗaya da zai bayar, yana da sauran shekara guda da zai je ya yi abin da za a iya ba da labarinsa.