Kafin Ku Sayi Jif Ta Hannu Don Hunturun Kanada

Uwargida, idan bana ce shekararku ta farko a Kanada, nan da watan Nuwamba za ki ji maigida ya fara zancen jif mai ja da ƙafa huɗu. Ki saurare shi, yana da hujja. Amma tunda ke ce mai kai yara makaranta da safe, ki sa baki a cinikin.

Ja da ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi a cikin dusar ƙanƙara, ta hau tudu ba ta kafe ba. Iyakarsa ke nan. Wajen tsayawa ba ya ƙara komai, domin kowace mota a ƙafa huɗu take da birki, kuma taya ce ke riƙe titi. Robar taya ta yau da kullum tana fara ƙandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa tayar hunturu tana nan da laushinta. Za ki gane ta da tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya. A ganina, ƙaramar mota mai tayoyin hunturu ta fi jif mai suɗaɗɗun tayoyi aminci ga yara nesa ba kusa ba. Don haka ku ware kuɗin taya huɗu tun kafin ku fara taya mota, kuma iri ɗaya, don haɗa sabuwa da tsohuwa yana wahalar da irin wannan mota. A lardin Kebek ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontariyo kamfanonin inshora na yin ragi ga mai tayar hunturu, sai ki tambaya.

Sai tsatsa. Gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarƙashin mota a hankali, fenti yana ta ƙyalli a sama. Masu sayen 'yar Kwatano a gida sun san wannan ciwon. Ku biya makanike, ba na mai motar ba, ya ɗaga ta ya duba ƙashin bayanta, da bututun man birki, da salansa. Salansa mai huda ba ƙara kawai take yi ba: tana iya shigo da iskar guba marar wari cikin mota, ga gilasai a rufe, ga hita a kunne, ga jariri yana barci a baya. In mai motar ya ƙi a duba, ku yi masa sallama.

Kada girman jiki ya ruɗe ku. Honda CR-V da Toyota RAV4 akwai masu ja da ƙafafun gaba kawai, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Lambar jikin motar ce za ta faɗi gaskiya, da ita kuma ake ciro rahoton CARFAX a ga ko ta taɓa haɗari ko akwai bashi a kanta.

Ki nemi a tayar da ita a gabanki da sassafe, injin yana sanyi, nan ne batir mai rauni ke tona kansa. Masu zama a Winifeg ko Edmonton su tabbatar akwai wayar ɗumama inji da ake jonawa a wuta. Ranar gwaji kuma ki tafi da kujerar yaronki, ki ɗaura ta da hannunki ki ga ko ta zauna daram.