Bin Sawun Sabon Sabis na Wayar Hannu a Cikin Birni: Misalin Kano

A shekarar 2022 kamfanin MTN ya ba da sanarwa cewa zai buɗe sabon sabis da a ke kira 5G a birane bakwai na Nijeriya, watau Ikko, da Abuja, da Fatakwal, da Ibadan, da Kano, da Owerri, da Maiduguri. Wanda ya ji sanarwa irin wannan ya kan zaci ran da aka ambaci sunan gari, ran nan sabis ya game shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Alhali kuwa ba haka abin ya ke ba. Sabon sabis turke-turke ya ke shiga gari, har ya yiwu wata unguwa ta daɗe tana morarsa, maƙwabciyarta kuwa ba ta ko ji ƙanshinsa ba. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana dalilin haka, sa'an nan a nuna hanyar da mai bincike zai bi ya san iyakar inda sabis ya kai.

1. Asalin al'amarin

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasin wayar hannu, aka sayar da kowane a kan dala miliyan 285. Cikin watan Agusta na shekarar nan Econet da MTN suka soma aiki, Globacom ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. Sabis na farkon nan, wanda a ke kira 2G, na magana ne da gajeren saƙo. A 2007 aka ba da lasin 3G, wanda ya sauƙaƙa shiga intanet ta waya. A 2016 MTN da Globacom suka buɗe 4G. A watan Disamba na 2021 aka yi gwanjon lasin 5G, MTN da Mafab suka ci, kowanne a kan dala miliyan 273.6, Airtel kuwa ya buɗe nasa a 2023. Abin lura a nan shi ne, sabo ba ya korar tsoho nan take. Sau da yawa turke guda ne ke ɗauke da na'urorin iri uku ko huɗu, kowace tana aikinta.

2. Abin da ya sa sabis ba ya game gari a lokaci guda

Dalili na fari shi ne zango. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, sun kuma san kowane da irin tafiyarsa. To, haka abin ya ke ga waya. Tsohon sabis na kan megahaz 900 tsawon zangonsa wajen santimita 33 ne, yana tafiya nesa, yana kuma ratsa bango. Lasin 5G da aka sayar a 2021 kuwa na kan megahaz 3,500 ne, zangonsa bai kai santimita 9 ba. Yana ɗaukar kaya mai yawa, amma ba ya nisa, bango mai kauri kuma yana rage masa ƙarfi ƙwarai. Saboda haka filin da turke guda ya ishe shi a dā, yanzu sai an ƙara turaku kafin a rufe shi. A cikin Birnin Kano, inda gidaje su ke manne da juna, soraye ga kauri, lunguna ga ƙunci, mutum na iya samun sabis a bakin titi, ya shiga zaure ya rasa shi.

Na biyu, turke ba ya aiki shi kaɗai. Tilas a haɗa shi da cibiyar kamfani, abin da ya fi dacewa da sabon sabis kuwa shi ne wayar fayiba, wadda a ke binnewa a ƙasa. Binne ta sai da haƙa, haƙa kuwa sai da iznin gwamnati da biyan kuɗin hanya. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta yarda a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita, amma an daɗe a na jayayya da jihohi a kan bin wannan farashi. Bayan an binne kuma, masu aikin titi su kan tsinke ta da katafila. Yawan irin wannan ɓarna na cikin abin da ya sa a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa.

Na uku, wuta. Da ya ke lantarki ba shi da tabbas, yawancin turaku da janareta da batir su ke aiki, wasu da hasken rana. Ƙarin na'ura a kan turke ƙarin cin wuta ne, watau ƙarin kuɗin man gas. Har wa yau, turaku da dama ba na kamfanonin waya ba ne, haya su ke yi daga irin su IHS, sai an daidaita da mai turke kafin a ɗora sabon kaya.

Na huɗu, ciniki. Kamfani ɗan kasuwa ne, inda ya ke sa ran mai da kuɗinsa nan ya kan soma, watau inda jama'a ke cunkushe da inda masu wayoyin da za su iya kama sabon sabis su ke da yawa.

3. Shaidu uku

Mai son sanin inda aiki ya kai yana da shaidu uku, kowane da amfaninsa da rauninsa. Na fari taswirar kamfani. Ita galibi da lissafi a ke zana ta, a ƙiyasta inda ya kamata sabis ya kai in mutum na waje, ba wai an auna kowane gida ba.

Na biyu alamar da ke bisa fuskar waya. Ita ma a yi hattara da ita, gama a kan soma dasa 5G ne a bisa ginshiƙin 4G, sai waya ta nuna 5G don turken da ta kama yana da shi, alhali saƙon ta tsohuwar hanya ya ke bi. Wayar da ba a ƙera ta da na'urar kama 5G ba kuwa, ko a gindin turke ta ke ba za ta nuna kome ba.

Na uku awo, shi ya fi sauran ƙarfi, don gani ya kori ji. Akwai manhajoji, irin su Speedtest da CellMapper, masu nuna saurin saƙo ko lambar turken da waya ta kama. Lambar Nijeriya a wannan tsari 621 ce, ta MTN 30, ta Airtel 20, ta Globacom 50. Wanda ya ga sabuwar lamba ko sabon zango ya ɓullo inda babu shi a watan jiya, ya sami alamar an taɓa turken nan.

4. Yadda a ke tsara bincike

Wannan aiki ya yi kama da binciken karin harshe. Mai son sanin inda Kananci ya tsaya Katsinanci ya soma ba ya dogara ga bakin mutum guda. Tambaya ɗaya ya ke kaiwa garuruwa da yawa, ya rubuta amsa, sa'an nan ya ja layi a taswira. Haka nan mai bin sawun sabis zai zaɓi wurare tabbatattu, misali Kasuwar Kurmi, da gindin Dala, da Kantin Kwari, da Sabon Gari, da Bompai, da wata unguwar gefen gari. Ya riƙe waya guda da layi guda, kada ya sauya. A kowane wuri ya auna sau biyu, a fili da cikin ɗaki, da safe da kuma lokacin da kasuwa ta cika, don jama'ar da ke kan turke guda raba ƙarfinsa su ke yi. Ya rubuta rana, da sa'a, da alama, da sauri, da lambar turke. In ya maimaita haka wata-wata har shekara, iyakar sabis za ta fito a taswira, a ga inda ta matsa da inda ta tsaya cik.

Kada a ɗauka wannan aikin banza ne. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, rajistarta kuwa ta intanet. A farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi wuya, cinikin mutane da yawa ya rataya a kan tura kuɗi ta waya, wanda sabis ɗinsa ya yi rauni ya ji jiki. Ga kuma mai shago ko shugaban makaranta da zai kashe kuɗi ya sayi sabuwar na'ura bisa ga sanarwa kawai, ya kai ta gida ya tarar turken unguwarsu ba a taɓa shi ba tukuna. Malaman kwalejojin horon malamai na iya ba ɗalibansu wannan aiki, a raba musu unguwanni. Da haka za su koyi ɗaukar bayani bisa ƙa'ida, garinsu kuma ya sami taswirar da aka yi da awo, wadda za a iya gwada maganar kowane kamfani da ita.