Karen pug da zubar gashi: aski ba shi ne mafita ba

A wurin Bahaushe aikin kare gadi ne da farauta, wurin kwanansa kuma waje. Amma ma'aikacin da ke shiga gidajen Maitama ko Asokoro yana iya cin karo da wani ɗan guntun kare mai shafaffiyar fuska da nannaɗaɗɗiyar jela yana kwance a kan kujerar falo. Shi ne pug. Wanda ya zauna a wurin da ya tashi, da baƙar kwat ko farar shadda, zai fita da shaidar ziyararsa a jikin tufafinsa.

Asalin wannan kare ƙasar Sin ne, inda sarakuna suka riƙa kiwonsa a fada, kafin fataken Holan su kai shi Turai a ƙarni na 16. Nauyinsa bai cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba, gashinsa gajere ne, shi ya sa ake zaton ba shi da wahalar kulawa. Zaton kuskure ne. Yawancin masu launin ruwan ƙasa mai haske gashinsu hawa biyu ne: na sama mai santsi, da na ƙasa mai laushi da cunkoso, wanda shi ne ke cika ɗaki. Baƙaƙen galibi hawa ɗaya gare su, zubarsu ta fi sauƙi.

A ƙasashen sanyi tsawon yini ne ke tsara lokacin da kare ke sauya gashi. A Abuja bambancin tsawon yini tsakanin damina da rani kaɗan ne, karen kuma yana zaune cikin ɗaki ƙarƙashin fitila da na'urar sanyaya iska, don haka zubar ba ta da hutu. Ba a hana ta. Abin da ake iyawa shi ne a kwashe mataccen gashin kafin ya faɗi, ta hanyar goge jikin da buroshin roba na minti biyar zuwa goma, kullum ko aƙalla sau uku a mako, a tsakar gida. Wanka sau ɗaya a wata ya isa, da shamfun karnuka. Sabulun mutane da yawan wanka suna busar da fatarsa, musamman a hunturu, sai zubar ta ƙaru.

Babban kuskure yana zuwa ne da zafin Maris da Afrilu, lokacin da maigida ya ga karen yana haki, ya ce a kai shi a aske. Aski ba ya rage zubar, gajarta gashin kawai yake yi, ya kuma bar fata ga ƙunar rana da cizon ƙwari. Hakin daga gajeren hancinsa ne, wanda ke hana shi fitar da zafi yadda sauran karnuka ke yi. Maganinsa inuwa, ruwan sha, da fita yawo da sassafe ko bayan magariba.

Inda aka fi sakaci shi ne ninkin fatar da ke saman hancinsa. Can danshi da ƙura ke taruwa har wurin ya yi ja, ya fara wari. A share shi da tsumma mai laushi, sannan a tsane shi sarai, domin barin danshi yana da illa.

Wanda aka ɗora wa kula da karen ya kamata ya san iyakar aikin buroshi. Zubar da ta game jiki, fata kuma lafiya lau, al'ada ce. Idan kuwa aka ga wuri ya yi sanƙo, ko karen yana yawan susa da lasar tafin ƙafa, to ana zargin ƙuma, kaska, borin jini, ko ƙazwar da ake kira demodes, wadda ƙananan pug suka fi saurin kamuwa da ita. Wannan na likitan dabbobi ne, shi zai kankari fatar ya duba. Kada a shafa masa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona, domin kare yana lasar jikinsa, gubar kuma tana iya kashe shi.