Tsabtar gida: kowane wuri da mai shi, kowane aiki da ranarsa

In salla ta matso, duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai zai ga abu guda: an fito da katifu rana, an jingine tabarmi ga bango, ƙura na tashi daga kowane gida. Ran salla gida fes. Bayan sati biyu kuwa, sai a koma gidan jiya, har wata salla ta zagayo. Wannan shara ce ta idon baƙi. Sauro da ƙuda ba su san salla ba, suna da nasu lissafin kwanaki, kuma mai gidan da bai san lissafin nan ba, gidan likita ne zai koya masa shi da tsada.

Ga lissafin. Lokacin zafi, daga ranar da sauro ya zuba ƙwai cikin ruwa zuwa ranar da ƴaƴansa za su tashi da fiffike, kwana 7 zuwa 14 ne. Ƙuda kuma, cikin juji ko kashin dabba, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi. Ke nan gidan da ake bi lungu-lungu sau ɗaya kowane sati yana katse masu hanya tun ba su tashi ba, wanda kuwa ake bi sau biyu a shekara kiwonsu yake yi. Shi ya sa sati ne ma'aunin tsabtar gida.

Sai dai sanin rana kaɗai bai isa ba, sai an san mai aikin. A gidajenmu, kowace mace tana gyara ɗakinta, ba a yi mata tuni. Inda matsala take shi ne wuraren da kowa ke mora amma ba na kowa ba ne: makewayi, magudanar ruwa, bayan ɗaki, ƙofar gida. A gidan mata biyu ko uku, ko gidan haya mai iyali biyar, nan ne faɗa ke tashi, nan ne kuma cuta ke kwana. Bari mu bi gida wuri-wuri.

Makewayi da wurin wanka

Da nan ya kamata a fara, don nan ne ake ƙi. Kullum a wanke bakin masai, a mayar da marfi, a zuba toka in rami ne, don toka tana rage wari da ƙuda. A ajiye buta da sabulu bakin ƙofa. Sabulun da ke cikin ɗaki ba ya wanke hannun wanda ya fito daga makewayi. Fo na yara a zubar da shi nan take cikin masai, domin kashin jariri yana ɗauke da cuta kamar na babba. Sau ɗaya a sati a goge daɓe da bango da omo, sannan a bi da ruwan jabel.

Jabel tana da ƙa'ida. Ana fara wanke wuri da sabulu, don dauɗa tana cinye ƙarfinta. In mai digiri 12 ce, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa ya isa goge daɓe. A haɗa na ranar kawai, a ɓoye kwalba daga rana da hannun yara, kuma kada a taɓa gauraya ta da asid ɗin wanke masai: hayaƙin da ke fita yana ƙona huhu. Masu rijiya cikin gida su tuna cewa ma'aikatan tsabta suna son a bar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya.

Mutanen jahar Maraɗi ba su manta da 2018 ba. A watan Yuli na shekarar kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta bazu, ta kama mutum fiye da 3000. A 2021 ta dawo, ta shiga jahohi da dama. Cutar nan ba iska ke kawo ta ba: daga kashi take bi zuwa hannu, zuwa ruwa, zuwa baki.

Madafa da wurin ruwa

Aikin madafa na kullum ne. Kada kwano ya kwana da dauɗa, kada a kife shi ƙasa inda kaji da awaki ke bi. Ƴar rumfa ta icce ko tebur ya wadatar. A kwashe toka, a rufe sauran abinci, tuwon da ya kwana kuma a ɗumama shi har ya yi zafi sosai kafin yara su ci. Masu firigo su sani cewa in wuta ta ɗauke ta daɗe, nama da kifi ba su da amana. A kwashe shi a wanke shi sau ɗaya a sati.

Randa ita ce zuciyar gida. Ruwan pampo yana iya zuwa da tsabtarsa, ya lalace cikin randa saboda moɗar da kowa ke tsomawa har da yatsu. A ware moɗa guda mai dogon hannu ta ɗiba, a rataye ta, a sha da wani kofi dabam. Duk kwana biyu ko uku a juye randa a goge cikinta. Bido da tano da ƴan garuwa ke cikawa, a wanke su kowane sati, a rufe su. Inda ake shakkar ruwa, a tafasa shi, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa awon da ke rubuce jikin takardarta, a jira minti 30.

Ɗakunan kwana

Kowace safiya a buɗe taga, a kakkaɓe shimfiɗa, a share. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kwaso mana ƙura daga hamada, tsintsiya busassa tayar da ƙura kawai take yi ta sake zama. A yayyafa ruwa kafin shara, a bi kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Sau ɗaya a sati a fitar da katifa da matashi rana, a wanke zanen gado, a leƙa ƙarƙashin gado da bayan akwatuna, inda kunama da kuɗin cizo ke fakewa.

Sange mai magani kuwa ba ya son yawan wanki. An yi shi ya jure wanki kamar 20 cikin shekara uku. A wanke shi a hankali da sabulu, ban da jabel, a shanya shi inuwa, in ya yage a ɗinke.

Kalma guda ga ƴan kasuwa. Da yawa suna ajiye buhunan wake da hatsi cikin gida, su jefa masu ƙwayar Phostoxin don kashe ƙwari. Iskar da ƙwayar nan ke fitarwa guba ce mai kashe mutum. Kada a sa ta cikin ɗakin da ake kwana, ko wanda ke manne da shi. Buhun nan mai riɓi uku, na PICS, yana tsare wake ba tare da magani ba. Ɗakin ajiya a ɗora buhuna bisa katako, a janye su daga bango, a share ƙarƙashi sau ɗaya a wata, a toshe ramin ɓera.

Tsakar gida, zaure da ƙofar gida

Sharar safe da ta marece kowa ya san su. Abin da ake mantawa shi ne zagayen sati, musamman da damana: a kife tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen tulu, a canza ruwan kaji, a cike duk ramin da ruwa ke kwantawa. Sauron da ke kawo masassara ya fi son irin ƴan kududdufan nan na ruwan sama, shi kuma mai hana barci da kuka cikin kwata yake haihuwa. Turken ragon layya a kwashe kashinsa kullum. Shara a tara ta cikin abu mai marfi. Wanda ya zuba ta cikin magudanar titi, ruwan Agusta zai dawo masa da ita har cikin ɗaki. Leda ce ta fi toshe magudanai, ko da yake tun 2014 aka kafa dokar hana shigo da ita.

Rabon aiki

Dattawa suna tuna zamanin Seyni Kunce, lokacin da samariya ke fitowa sharar gari. A watan Maris na 1993 kuma gwamnati ta kafa dokar tsabtar jama'a. Amma babu dokar da za ta shiga gida ta wanke randa. Wannan sai mai gida ya zauna da iyalinsa an yi rabo a fili. Misali: mai girki ita ke da madafa da randa ranar girkinta; makewayi ya zama na karɓa-karɓa; samari su ɗauki zaure, turke, ƙofar gida da kai shara; mai gida ya ɗauki magudana, ɗakin ajiya da kuɗin sabulu, omo da jabel, ya sa su cikin lissafin wata kamar kuɗin hatsi. Ma'aikaci yana da Asabar ko Lahadi; ɗan kasuwa ya zaɓi safiyar da ba ta kasuwarsa ba. A gidan haya a rubuta rabon, a manna shi ga bango.

Abin da ba shi da kyau shi ne a jibga komai bisa ƴar aiki, yarinya ƴar shekara goma sha biyu da aka ɗauko daga ƙauye, ko bisa ɗiya mace da ke da karatun lakwal, alhali ƴan uwanta maza suna zaune fada suna shan shayi. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ma'aikacin da ya san jadawalin aikin biro, da ɗan kasuwar da ya san ranar da kowane bashi zai cika, ba za su kasa sanin ranar wankin randar gidansu ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.